Ƙarfen da Muka Rataye a Funtuwa

Injin motata ya buga ne tsakanin Dayi da Malumfashi, ina ɗauke da auduga har ta haura bodi. Na ce motata, amma ta kawuna ce, ni dai tuƙi ne nawa. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba a lokacin, manyan motocin yankinmu kuwa kowa ya san su ya san direbobinsu, har da irin kukan kowace. Ina cikin tafiya na ji wani gwaf a ƙarƙashin ƙafata, sai kaf-kaf-kaf, sai tsit. Da aka jawo ta gida aka kwance injin, sai ga karanshaf, wato doguwar sandar ƙarfen nan mai gwiwa-gwiwa wadda fistin ke juyawa, ya karye biyu kamar rake.

Kawu ya zo ya tsaya a kai yana dubawa. Sabon karanshaf sai an aika Ikko, kafin ya iso kuwa an gama kwasar auduga, an share fuloti, filin da ake sayen ta.

Ya ce, "Gobe ka tafi Funtuwa ka samo na hannu. Amma ka ji ni da kyau, kada ka kuskura ka ɗauko ƙarfe sai Baba ya saurare shi."

Baban da yake nufi tsohon bakanike ne a Malumfashi. Kirista ne, a wajen Turawan mishan ya koyi aikin tun yana saurayi, garejinsa kuma gindin wata tsamiya ce a bayan tasha. Ba shi da mota, ba shi da shago, kekensa ma sai an tura shi. Abu biyu ya mallaka a duniya, kunnensa da sunansa. Idan za a sayi tsohon ƙarfen injin, sai ya sa a ɗaure shi da igiya a rataye a reshe, kada ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da komai. Sai ya fito da wata 'yar guduma daga aljihu ya ƙwanƙwasa sau ɗaya. Lafiyayyen ƙarfe yakan yi kuka mai tsawo, ka ji yana tafiya yana tafiya har ya ɓace. Wanda ya tsage a ciki kuwa, ko da ido bai gani ba, kukansa gajere ne, ya ce kwal ya haɗiye sauran. Yadda mata ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin su saya, haka ne, sai dai na ƙarfe yana son kunne na daban. Direbobi daga Gozaki, daga Mahuta, har daga wajen Zariya sukan zo su ɗauke shi don wannan bugu ɗaya. Kuma ba a taɓa jin an ce ya haɗa baki da mai sayarwa ba. Da wannan yake ci da iyalinsa.

Ni kuwa Allah ya yi ni da zargi, ba na ɓoyewa. Matata takan ce ko nono aka ba ni sai na leƙa gindin ƙwarya. Amma ina da dalilina. Shekara guda kafin wannan na sayi fistin a hannun wani mai zaƙin baki, an goge su da toka da lemun tsami suna walƙiya kamar sababbi. Ko Gozaki ban kai ba mota ta fara hayaƙi kamar ana gasa bulo. Tun daga ranar, in na ga tsohon ƙarfe yana sheƙi sai gabana ya faɗi.

Da safe muka hau motar fasinja ni da Baba. Bai cika magana a hanya ba, ni ma ban dame shi ba, hankalina yana kan abin da zan tarar.

Wurin da muka nufa wani fili ne a bayan tashar jirgin ƙasa, an kewaye shi da tsofaffin kwanuka. Mai wurin wani Alhaji ne, tsohon direba, wanda ya bar tuƙi ya koma sayen motocin da suka yi haɗari yana kwance su. Ko'ina ka duba giya ce, da lagireto, da tayoyi da suka ci suka ƙoshi, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da mai. Akwai direbobi kamar biyar ko shida zaune a kan benci suna jiran nasu, biyu daga cikinsu 'yan Mahuta ne, na san su.

Alhaji na hango mu ya miƙe da sauri har hularsa na neman faɗuwa.

"A'a, a'a! Baba da kansa? Yau wurina ya yi albarka. Sannu da zuwa, Baba, sannu da hanya."

Ya riƙe hannun Baba da hannu biyu, ya ƙi saki. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani farin goro ƙato ya danƙa masa. Ni ko kallon kirki bai yi mini ba, alhali ni ne mai saye. Na ce a raina, to fa. Wannan fara'a ta yi yawa.

Aka fito mana da karanshaf uku aka jera a kan katako. Gaskiya, abin da Baba ya yi da biyun farko ya kwantar mini da hankali. Na farko ko ɗaga shi bai bari an yi ba. Ya goge wuyan da metal, siririn ƙarfen nan da karanshaf ke juyawa a cikinsa, ke kwanciya a kai, da tsumma, ya nuna mini inda ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi.

Ya ce, "Wannan ya sha wuta. An yi tafiya da shi babu baƙin mai. A mayar."

Na biyu ya bi shi da farcen babban yatsa, a hankali, wuya bayan wuya. Farcen ya maƙale a wani wuri. Ya tofa yawu ya murza, ya karkata kai yana kallo ta gefe, sai ya yi wata 'yar dariya.

"Alhaji, wa ya yi maka waldar nan? Ya iya guga, amma bai iya ɓoyo ba."

Direbobin benci suka fashe da dariya. Alhaji ma ya yi, yana rantsuwa haka ya saye shi.

Na uku shi ne wanda Alhaji ya ajiye don ƙarshe, kuma tun kafin a taɓa shi ya fara yi masa kirari. Wai daga motar soja aka cire shi, ƙarfensa ba irin na motocin farar hula ba ne, wai in na saka shi zan hau tudu da lodi ban sauya giya ba. An wanke shi tas, an shafe shi da mai, yana ɗaukar ido. Ni wankin nan ne ya fara tsaya mini a rai. Me ya sa sauran biyun ke cikin dattinsu, wannan kaɗai aka yi wa wanka?

Baba ya bi shi da farce, bai maƙale ba. Ya sa baki ya hura ramukan da mai ke bi, iska ta fita. Ya duba lambar da aka buga a jikinsa ya gwada da ta namu da ya rubuto a takarda, ta yi daidai. Ya sa aka ɗora shi a kan turaku biyu, ya kafa ƙusa kusa da tsakiyarsa, ya juya shi yana kallon tazarar da ke tsakani. Bai lanƙwashe ba. Saura kunne.

Aka jefa igiya a kan wani reshen darbejiya, ƙarti biyu suka ɗaga ƙarfen aka ɗaure shi yana lilo. Baba ya jira ya tsaya cak. Kowa ya yi shiru, har mai shayin da ke bakin ƙofa ya daina kaɗa cokali. Baba ya fito da gudumarsa ya buga.

Na ji kukan. Ya tashi da kyau, amma bai yi nisa ba ya yanke, kamar an sa hannu an kama shi.

Na juya na dubi Baba ina jiran ya ce a sauke. Abin da na gani shi ne ya tayar mini da hankali. Ba ƙarfen yake kallo ba. Fuskar Alhaji yake kallo, ya ƙura mata ido. Alhaji kuwa yana murmushi yana gyaɗa kai, yana cewa, "Kun ji ko? Kun ji ƙarfe?" Baba ya ɗan waiga wajen mutanen benci, ya sake dawowa kan Alhaji, sannan ya mayar da guduma aljihu.

Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau."

Na ce a sake bugawa. Na faɗa da ƙarfi, ina nuna ƙarfen da hannu. Baba ya dube ni, ya sake fito da guduma ya buga. Kukan nan dai ne, guntu. Ya sake kallon Alhaji. Ya sake cewa lafiya.

Duk da haka ban so in kunyata shi a gaban mutane ba. Da ya sunkuya yana kwance igiyar takalminsa da ta sarƙe, na matsa ta bayansa na yi ƙasa da murya.

"Baba, ni fa ban yarda da kukan nan ba."

Ko motsi bai yi ba.

"Baba, magana nake yi. Ƙarfen nan bai yi mini ba."

Ya gama da takalminsa ya miƙe ya nufi wajen Alhaji, ya bar ni tsaye kamar turke. Wallahi a nan ne zuciyata ta hau. Sai komai ya haɗu mini wuri ɗaya: riƙon hannun nan, da goron, da wankin ƙarfe, da kallon-kallo. Har biyun da ya ƙi da farko na ce ai shiri ne, an kawo su ne don a ƙi su, in saki jiki, a ɗora mini na uku. Ni za a yi wa wannan? Ni da na ɗauko shi tun daga Malumfashi ina ba shi girma?

Na ce, "Kada a sauke. A ba ni kananzir da alli."

Alhaji ya ɓata fuska. "Haba, direba! Bayan Baba ya yi magana?"

"Ko wa ya yi magana. A ba ni."

Shi kansa Baban ne ya taɓa nuna mini wannan dabarar, yana yi mata dariya, wai ta masu gaggawa ce da ba su iya saurare ba. Na wanke ƙarfen da kananzir, na jiƙa shi sharaf, na bar shi ya sha. Na goge shi da busasshen tsumma har ya bushe ƙayau. Aka samo mini alli a wajen wani tela da ke maƙwabtaka, na daka shi a kan dutse, na shafe kowace gwiwa da kowane lungu har ƙarfen ya yi fari fat. Na sa aka sauke shi, na ja shi cikin rana. Muka tsaya muna kallo. Direbobin benci duk sun taso sun kewaye mu.

Ba a daɗe ba sai ga shi. A kusurwar gwiwa ta uku wani siririn layi ya fito a cikin farin allin, baƙi, bai fi gashin kai kauri ba, ya zagaya kusan rabin wuyan. Kananzirin da ya shige tsagar ne ke fitowa. Da na saka shi a mota, da ko mako bai yi ba.

Ɗaya daga cikin 'yan Mahutan ya ce, "Innalillahi."

Da na yi shiru a nan, da shi ke nan. Na sami abin da nake nema, an ga tsaga, ba wanda ya cuce ni. Amma bakina ba ya tsayawa in raina ya ɓaci. Na sha gaban Baba, na tsaya ido cikin ido da shi, na ɗaga murya yadda har na bakin titi zai ji.

"Baba, goron nan kaɗai Alhaji ya ba ka, ko akwai wani abu a ƙarƙashinsa? Faɗa mana mu ji! Tun yaushe kuke wannan sana'a tare?"

Ya kalli bakina har na gama. Ban taɓa mantawa da yadda fuskarsa ta koma ba. Bai yi fushi ba, bai yi musu ba. Ya sunkuya ya sa farce a kan layin nan ya bi shi daga farko har ƙarshe. Ya miƙe, ya sa hannu a aljihu ya fito da goron, ko ɓantara bai yi ba, ya ajiye shi a kan katako. Ya fita ta ƙofar kwano bai waiga ba.

Na ce wa mutane, "Kun gani ko? Mai gaskiya ai sai ya kare kansa."

Alhaji ya yi ta rantse-rantse, shi bai san da tsaga ba, shi bai ba kowa komai ba. Ban saurare shi ba, kuma har yau ban san ko ya sani ko bai sani ba. Ya aika aka ɗauko wani karanshaf daga wajen wani ɗan'uwansa, mai datti, ba kirari. Na buga da kaina na ji kuka mai tsawo, na kuma bi shi da kananzir da alli sau biyu don kada a yi ta a kaina. Wani bakanike a Funtuwa ya biyo ni ya ɗaura mini. Cikin kwana huɗu mota ta koma hanya, muka kwashe audugarmu.

Labarin kuwa ya riga ni isa gida. Kuma kada in yi ƙarya, ni ma na taya shi tafiya. A tashar Dayi na ba da shi, a fulotin auduga na ba da shi, duk inda direbobi suka zauna shan shayi sai na kwaikwayi yadda Baba ke kallon Alhaji, a yi ta dariya. Ina jin daɗin a ce ni ne na kama wanda ba a taɓa kamawa ba. Kawu ne kaɗai bai yi dariya ba, ya ce shi abin bai shige shi ba. Na ce masa ai shi komai sai ya kyautata zato. Kafin kaka ta ƙare, in na wuce ta bayan tasha sai in ga gindin tsamiyar nan wayam. Daga baya ma kayan aikin suka ɓace daga wurin.

Ana gab da saukar damina, ran kasuwar Malumfashi, ina ɗaure lodi sai na ji an ce, "Direba." Na juya na ga matar Baba ce, wadda duk muke kira Mama, da kwandon kuka a kanta. Na gaishe ta a daƙile, ina zaton faɗa ta zo yi.

Ta ce, "Ba rigima ta kawo ni ba, ɗana. Ya hana ni gaya wa kowa, amma na gaji. Baban naku ba ya ji."

Na ce, "Kamar yaya ba ya ji?"

"Tun zazzaɓin da ya kwantar da shi daminar bara kunnen ya tafi. Ɗaya ya mutu ɗungum, ɗayan sai ka yi ihu a cikinsa. Bakin mutum yake kallo ya gane magana. Ko a majami'a sai ya ga mutane sun tashi yake tashi. Na ce masa ya faɗa wa mutane, ya ce in aka san kunnen ya tafi wa zai sake zuwa?"

Ka san abin da ya fara zuwa mini a rai? Cewa na yi shiri ne. Sun zauna sun ƙulla wannan don a wanke shi. Kai, zargi mugun ciwo ne. Na ce mata to, na ji, zan leƙo. Kuma da na tashi zuwa washegari, ba gaisuwa ce ta kai ni ba, gwaji na je yi. Har sifanar kwance noti na saka a aljihu.

Na same shi a tsakar gidansa, zaune a kan kututture ya ba ƙofa baya, yana wasa bakin garma da dutse. Na lallaɓa na tsaya kamar taku uku a bayansa. Akwai wani tsohon wilin mota da aka kafa ana ba kaji ruwa a ciki. Na fito da sifana na maka wa wilin iya ƙarfina. Kaji suka watse suna kuka, akuyar da ke ɗaure ta tsinka igiya, wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana salati. Baba bai ko ɗaga kai ba. Hannunsa na ta kai da komo a kan garma.

Sai a lokacin na gane abin da na gani a Funtuwa. Mutumin nan ya buga ƙarfe bai ji komai ba, sai ya nemi amsar a fuskokinmu, fuskar da ta fi kusa kuwa ta mai kayan ce. Ba na cewa ya yi daidai. Da ya ce ba ya ji, da ban kusa ɗaukar tsagaggen ƙarfe ba, wannan laifinsa ne kuma yana nan. Amma ni ba kurma na kira shi ba. Maci amana na kira shi, a gaban mutane, na kuma bi tasha-tasha ina ƙarawa. Shi kuwa ya ga kalmar a bakina ya ɗauke ta ya tafi da ita gida.

Ina tsaye a bayansa na fara magana. Na ce, "Baba, na cuce ka. Na yi maka ƙazafi, na ɓata maka suna, na raba ka da abincinka. Ka yafe mini don Allah." Na faɗi wannan da ma fiye da haka, hawaye na zuba, maganar na fita da sauƙi tunda ƙeya nake yi wa.

Inuwata ce ta faɗa kan garmar. Ya juyo, ya ɗaga kai ya gan ni. Ya ajiye dutsen ya goge hannu a riga.

"A'a, direba ne? Yaya motar? Wanda ka saka yana ja?"

Na gyaɗa kai na ce yana ja.

"Madalla. Ka riƙa duba baƙin mai kullum da safe, kada ka yarda da na jiya." Ya ƙura wa bakina ido. "Na ga kamar kana magana da na juyo. Me ka ce?"

Ga shi a gabana, ga bakina yana kallo, abin da ya rage kawai in maimaita.

Na ce, "Ba komai, Baba. Gaisuwa ce."

Ya ce ya gode, in gaida Kawu. Ya ɗauki dutsensa ya ci gaba da wasa garma, ni kuma na tsaya kaɗan na fita na kama wa Mama akuyarta.